Ajiyar Zalɓe

Na san abin da kuka taso kuna ji game da shekarar farin nan, don ni ma ina jin sa, wani lokaci a bakin mutanen da ba a ma haife su ba sa'ad da abin ya faru. Ana cewa na bi Bature har gona na roƙe shi abinci, shi ya sa kakanku ya cire hannuna daga rumbu ya ba ƙanena Mamman. Gaskiya ne an cire hannuna daga rumbu, kuma gaskiya ne na yi wa Baturen magana a gona. Amma ban roƙe shi ko ƙwaya ɗaya ba. Za ni faɗi abin da na gani, inda ban gani ba kuma za ni ce ji na yi. In na ƙara ko na rage Allah ya yafe mini, don na daɗe ina juya kowace magana kafin in sa ta a takarda.

Kakanku Saje Labbo ya yi soja shekaru masu yawa kafin ya dawo ƙauyenmu, gabas da Gangara, ya kama hauya. Ba ya son labarin yaƙi. In aka tambaye shi mutum nawa ya harbe sai ya tashi ya bar wurin. Amma akwai mutum ɗaya da ba ya gajiya da zancensa, hafsan da ya yi aiki a ƙarƙashinsa, wanda sojoji ke kira Zalɓe. Sunansa na gaskiya yana da tsawo, ina da shi a rubuce cikin akwatin ƙarfe, amma ba za ni sa shi a nan ba, don ban nemi izinin danginsa ba. Mutumin wani tsibiri ne da ake kira Ailan, kusa da Ingila. Kakanninsa Ingilishi ne da aka ba ƙasa a can tun zamanin da, tare da wata sarauta ta gado da suke kira Lod, uba ya mutu babban ɗa ya hau. Shi ƙarami ne a gidan, ba a sa ran za ta zo kansa ba, sai aka tura shi soja kamar yadda ake yi wa ƙananan 'ya'yan irin waɗannan gidaje. Ya zo ƙasarmu yana saurayi da anini ɗaya a kafaɗa, ya zauna a bariki, ya ɗauki malami yana koya masa Hausa kullum bayan la'asar. Da babban yaƙi ya tashi suka tafi Habasha tare da Baba, daga baya aka sa su jirgin ruwa zuwa Indiya, sannan suka shiga dajin Bama da ƙafa.

A can ya sami sunan. Baba ya ce sun iso bakin wani kogi mai gudu, abokan gaba na bayansu, ga shi mutanenmu na arewa yawancinsu ba su iya ruwa ba, kowa kuma da kaya a ka. Hafsan ya sa aka ɗaura igiya daga wannan gaɓa zuwa waccan, shi kuma ya shiga ya tsaya a tsakiya inda ruwan ya fi ƙarfi, dogo siriri, duk wanda ya zo wucewa ya kama wuyan rigarsa ya tura shi gaba.

"Tun hantsi har azahar yana nan tsaye," in ji Baba, "ruwa na kai mai ga ƙirji, harsashi na faɗawa kusa da shi awa ana jifa da tsakuwa. Ni da kaina na saki igiya, na sha ruwa, na ga lahira. Sai na ji an ciro ni. Wani Bazabarme yac ce, ku dubi zalɓe na kamun kihi. Ko da munka hau tudu suna ya bi shi."

A wannan kogin ne ya rasa yatsu biyu na hannun hagu. Kuma a dajin ne sarautar ta same shi. Wansa ya mutu a wani fagen yaƙin, tsohon nasu bai daɗe ba ya bi shi, sai takardar ta zo cikin buhunan abinci da jirgin sama ke jefo musu. Baba yana tsaye kusa da shi ya karanta, ya ninke, ya sa cikin hula, ya ce a raba shinkafa. Manya suka ce ya koma gida ya karɓi gadonsa, ya ce sai ranar da kamfanin sojan da yake jagoranta ya fita daga daji. Bayan an gama yaƙi ya ci gaba da soja a wasu ƙasashe har ya kai kanar, sannan ya ajiye. Shekara shekara yakan aiko wa Baba wasiƙa ta gidan waya na garin Isa, ni nake karantawa, ni nake rubuta amsa, don ni kaɗai na yi firamare a gidan.

To, sai fari ya zo. Shekarar farko gero ya yi kai ya bushe a tsaye. Ta biyu ko kai bai yi ba sai a kwari. A lokacin ina da aure, ke Hauwa'u kina goye, Sani yana tafiya da kyar. Shanun Fulani suka riƙa faɗuwa a bakin hanya, rijiyoyi suka ja baya har sai an ƙara igiya a kan igiya. Gidaje da yawa a ƙauyenmu aka toshe ƙofarsu da ƙaya, masu su sun yi kudu. Mu abin da muke ci ganyen tafasa ne, da dusa in an samu, da dilo, 'ya'yan anza da ake jiƙawa kwana da kwanaki kafin ɗacinsu ya fita. Abu ɗaya ya riƙe mu a gida: dami shida na iri da ke can saman rumbu. Ba irin kasuwa ba ne. Geron kakanmu ne, mai nuna da wuri, wanda kowace kaka Baba ke bin gona da kansa yana zaɓen zangarniyar da ta fi cika ya ɗaure daban. Geron da ake kawowa daga kudu yana son ruwa mai tsawo, a ƙasarmu ba ya kai labari. Duk gidan da ya ci irinsa ya gama zama, ko da ruwa ya dawo. Ni ne babba, ni Baba ya ba shiga rumbu tun da na yi aure, kuma kullum da safe sai na hau na taɓa damin nan shida na tabbata ɓera bai shiga ba, in na sauko kuma sai in ji kamar ban duba da kyau ba in sake hawa.

Cikin wannan hali wasiƙa ta zo, Zalɓe ya ce ya tsufa, yana son ya ga Saje da sauran mutanensa kafin ƙafa ta ƙi, zai zo da bazara ya kwana uku. Baba ya sa na karanta sau biyu, sannan ya ce in ɗauko takarda.

"Rubuta. Muna murna, muna jira. Gida lahiya, iyali lahiya, bisashe lahiya."

Gwaggo Tumba, yayarsa, wadda ta dawo gidan da zama tun rasuwar mijinta, tana gefe tana tsince tafasa. Ita kaɗai ke iya katse shi.

"Waɗanne bisashe, Labbo? Akuyag ga da in ta yi tari sai ta hwaɗi?"

"Tumba, da soja nika magana."

"To gaya ma sojan shi taho da tuwonai."

Baba bai ko dube ta ba. Na rubuta abin da ya ce. Akwai fili a ƙasan takardar da zai ɗauki layi biyu, na daɗe ina kallonsa a kan hanyar Isa, har na zauna gindin wata aduwa na fitar da alƙalami. Amma wasiƙar ba tawa ba ce, bakin Baba ce, hannuna kawai aka ara. Na liƙe ta yadda take.

Ana gobe zai iso Baba ya kira ni bayan rumbu ya ce in sauke dami biyu a ba mata su sussuka. Na ce, Baba, iri ne. Ya ce ya san abin da ya ɗaure da hannunsa. Ya ce biyu yau, biyu jibi, biyu gata, don ba baƙon kaɗai ba ne, duk tsofaffin sojojin ƙasar nan za su zo gaishe shi, kuma ba wanda zai zo gidan Saje Labbo ya koma bai sha fura ba. Gwaggo ta yi faɗa har muryarta ta dushe, uwarku ta shiga ɗaki tana kuka a hankali. Ni na hau na sauke. Da na ji sanda ta fara sauka a kan zangarniyar, sai na fita bayan gari na yi ta zagaye kamar wanda ya yar da wani abu.

Washegari da hantsi motarsa ta iso. Ban taɓa ganin mutum mai tsawonsa ba, ga shi ya tsufa ya ɗan ranƙwafa amma duk da haka sai da ya sunkuya sosai kafin ya shiga zaure. Gashinsa fari fat, yana dogara sanda. Baba ya sa tsohuwar rigar sojansa da lambobinsa, rigar ta yi masa yawa saboda rama. Ya ƙame ya sara masa. Baturen ya mayar da sanda hannun hagu ya sara shi ma, suka tsaya haka har na fara jin tsoron ɗayansu zai faɗi. Sannan ya ce, da Hausa tsantsa irin ta mutanen da:

"Saje Labbo, ka sha ruwan kogin nan duka ko ka rage mini?"

Baba ya yi dariyar da ban taɓa jin ya yi ba, hawaye na bin gemunsa.

Kafin azahar tsofaffin sojoji sun taru, wasu daga Isa, wasu daga Kamarawa, wasu daga Sabon Birni, da ƙafa, cikin wannan rana, da cikin da ba kome. Ba wanda ya ce su yi layi, suka yi. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Wallahi ina tsaye ina ji, kowa sai ya kira sunansa da na garinsu, wani ma har da lambarsa, bayan shekaru kusan talatin. Wani makaho daga Kamarawa ya ce, ni ba za ka gane ni ba. Ya ce, Kofur Anka, mai busa ƙaho, wanda ya tashe mu da tsakar rana don ya ga biri ya ɗauka abokin gaba ne. Wurin ya kaure da dariya. Da ya kai ƙarshen layi sai ya cire hula ya fara kiran sunayen waɗanda aka binne a can, a hankali, ba takarda a hannunsa, tsofaffin nan suna amsawa da Allah ya jiƙansa. Na ƙirga har na ɓace. Ban san ana iya ɗaukar mutane da yawa haka a cikin kai ɗaya ba. Aka kawo fura, aka kawo tuwo, kowa ya ci, shi ma ya ci da hannu ya ƙara, yana yaba wa masu girki. Ni kowace loma da ta shiga bakin wani sai in ga kunya guda ta gona ta tafi. Na tsani kaina a kan haka, don baƙi ne, kuma yunwa suke ji.

Washegari da safe ya ce yana son ganin gonar Saje. Ƙafar Baba ta kumbura saboda tsayuwar jiya, sai ya ce in kai shi. Muka tafi mu biyu. Gonar ba kome sai rairayi da kututturen karan bara waccan. Yana tambayata sunayen itatuwa, ina amsawa. Da azahar za ni sauke dami biyu. In na yi shiru, gobe war haka ba mu da iri, kuma kafin ruwa ya sauka za mu toshe ƙofarmu da ƙaya mu bi sauran, da tsoho mai kumburin ƙafa da jariri a goye. In na yi magana, na tona asirin ubana a gaban mutumin da ya fi jin kunya a duniya. Da muka kai gindin gawo na ga zai juya, sai na ji maganar ta fita.

"Ranka ya daɗe, furar jiya da tuwon, iri ne."

Ya tsaya. "Irin shuka?"

"Shi ne."

"Dami nawa ya rage?"

"Huɗu. Biyu yau, biyu gobe."

"In an ci, a kasuwa ba a samu?"

Na gaya masa yadda geron kudu yake. Sai ya zauna a kan saiwar gawon, da kyar, ya ce ni ma in zauna.

"Na ga mushen shanu tun daga nesa," in ji shi. "Na san akwai yunwa. Amma da na ga tuwo sai na ce Saje mutum ne mai tanadi, ko a Bama shi ne mai ɓoye gishiri. Na ci na ƙara, ban tambaya ba. Shekara talatin ina koya wa yara hafsoshi cewa kafin ka ci ka tambayi inda abinci ya fito."

Na ce ba laifinsa ba ne. Kamar bai ji ba. Ya ce a ƙasarsu an taɓa yin irin wannan a zamanin kakan babansa. Abincin talakawa dankali ne, ya riƙa ruɓewa a cikin ƙasa shekara bayan shekara. Gidansu kuwa rumbuna cike da hatsi, aka riƙa loda shi a amalanke ana kaiwa bakin teku a sayar, mutanen da suka noma shi suna tsaye a bakin hanya suna kallo. Ya ce yana yaro aka zo aka sa wa gidan nasu wuta, uwarsa ta ce masa mugaye ne, sai da ya girma ya zauna da tsofaffin garin ya gane ba a manta ba ne.

"A Ailan ana ce mana Ingilishi, a Ingila ana ce mana 'yan Ailan. Na gaji suna, na gaji gida rabinsa toka, na gaji wannan labarin. Ban zo nan da tsufana in ci irin Saje Labbo ba."

Sannan ya dube ni sosai ya ce, "Ubanka zai gane kai ka faɗa. Wannan ba zan iya hana shi ba."

Na ce na sani.

Muka koma. Zaure cike, har da Liman. Baturen ya zauna, ya sha ruwa, sannan ya ce:

"Saje, na zo da roƙo."

"Ranka shi daɗe, umurni dai."

"A'a, roƙo. Geron da na ci jiya ban taɓa cin irinsa ba. Ina so ka ba ni kyauta. Duk abin da ya rage a rumbu, kada a bar ko zangarniya ɗaya."

Daga bayan zana na ji Gwaggo ta ja salati. Baƙo ya roƙi abu a gaban jama'a, da bakinsa, ba a hana shi, balle wannan baƙon. Baba bai ko ƙifta ido ba ya ce, "An ba ka. Garba, sauko da su." Na hau rumbu. Na ce a raina, shi ke nan, bai fahimce ni ba, ko kuma tsufa ya taɓa shi, na kashe gidanmu da bakina kwana ɗaya kafin lokaci. Na jera damin huɗu a gabansa. Ya ɗora hannun nan mai yatsu uku a kan kowanne.

"Liman, ka shaida. Na wane ne?"

"Naka na, an ba ka."

"To. Jirgin sama ba ya ɗaukar dami, ƙasarmu kuma sanyi ba ya barin gero. Saboda haka na ba Saje Labbo ajiya, a gabanka. Kada a sussuka, kada a daka, kada a ba baƙo, ko da ni ne baƙon. In ruwa ya sauka a shuka mini. Abin da gona ta bayar ku ci, halal ne. Dami huɗu kawai za a ware mini kowace shekara, sai na zo ko na aiko."

Sai a lokacin na gane. Nasa Baba zai iya yanka wa baƙo har ya ƙare, ba mai hana shi. Amma ajiyar wani, da shaidar Liman, ko za mu mutu a gindin rumbun ba zai taɓa ba. Kuma ba wanda zai ce Saje ya kasa ciyar da baƙonsa, tunda baƙon ne ya kwashe abincin da kansa. Mutumin da aka haifa a bayan teku ya san inda zai kama ubana fiye da mu da ya haifa. Liman ya sunkuyar da kai yana murmushi. Baba ya miƙe a kan kumburarriyar ƙafarsa.

"Ajiya ta karɓu, ranka shi daɗe. Amma tunda ka kwashe hatsin gida, yau mi za ka ci?"

"Abin da kamfani ke ci."

Gwaggo Tumba da kanta ta kawo, dilo da kwaɗon tafasa a akushi, ta dire a gabansa. Ya ɗiba ya kai baki, fuskarsa ta yamutse duk da ƙoƙarinsa. Gwaggo ta ce mini, "Gaya mai kwana huɗu na jiƙa shi. In ya ji ɗaci, bakinai na."

Ya ce, "Gwaggo, na ji da kunnena. Ƙaro."

Ya cinye. Kwana biyun da suka rage abin da ya ci ke nan, tare da mu, da tsofaffin da suka yi ta zuwa. Ran nan, ana cikin dariyar maganar Gwaggo, Baba ya juyo ya dube ni sau ɗaya. Ba harara ba ce. Da harara ce da na fi samun sauƙi.

Ranar da motar ta tafi, ƙurarta ba ta gama kwantawa ba ya kira ni da Mamman bayan rumbu.

"Mamman, daga yau kai ka shiga."

Na durƙusa na ce, "Baba, da mun ci, da mi za mu shuka?"

"Ba ka da laihi wurin gero," in ji shi. "Wurina kaka da shi. Tun Habasha har Bama mutumin ga bai taɓa ganin na gaza ba. Kai kan nuna mai."

Bai ƙara ba, kuma bai sake tayar da maganar ba har ya bar duniya. Wasiƙa ma ya daina ba ni, sai ya tafi Isa ranar kasuwa a rubuta masa. Bayan mako uku wata babbar mota ta kawo buhunan dawa ta hannun hakimi, aka ce na tsofaffin sojojin kamfanin ne duka, kowa da nasa daidai da na ɗan'uwansa. Daga nan mutane suka haɗa biyu da biyu suka ce ni na roƙa. Dawar ce ta kai mu damina.

Ruwan farko ya yaudare mu. Muka shuka dami uku, ya tsiro, aka yi kwana goma sha ba ɗigo, rabi ya ƙone. Da ruwa ya dawo, na huɗun nan muka sussuka muka yi ƙari da shi. Da biyu suka rage, ko da uku ma, da ba mu kai ba. Kaka ta zo ba mai yawa ba, amma ta zo. Baba ya bi gona yana ɗingishi, ya zaɓi zangarniya mafi kyau ya ɗaure huɗu, ya sa Mamman ya kai su can sama, sannan ya zaɓi namu. Da waɗanda suka yi kudu suka fara dawowa suna cire ƙaya daga ƙofofinsu, gidanmu suka zo neman iri, ya ba su daga namu. Yawancin geron da kuke gani yau daga nan har bakin Gangara jikokin damin nan huɗu ne.

Ni kuwa aikina ya koma tsayuwa a ƙasa, Mamman ya miƙo in karɓa. Bai taɓa yi mini gori ba, Allah ya jiƙansa. Bayan rasuwar Baba ya ce, Yaya, hau mana, ai kai ne babba. Na kama tsani, na sa ƙafa ɗaya, na kasa. Wanda ya hana ni bai ɗage ba, kuma ba ya nan balle in roƙe shi. Ban sake shiga wannan rumbun ba har ya rushe aka gina wani, shi ma ban shiga ba. Na tambayi malamai uku ko abin da na yi saɓa wa iyaye ne. Biyu suka ce a'a, ceton rai ne. Ɗaya ya ce in yawaita yi masa addu'a. Maganar na ukun na riƙe, don ita ce ta fi kama da abin da nake ji.

Zalɓe bai dawo ba. Shekaru kaɗan bayan Baba wata 'yar ɗan'uwansa ta aiko da takarda cewa ya rasu, an binne shi a Ailan kusa da gidan, bai bar ɗa ba, sarautar ta koma wurin wani dangi na nesa. Na zauna kwana biyu ina haɗa Turancin da nake da shi na rubuta mata cewa yana da dami huɗu a wurinmu, a faɗa mana yadda za a yi. Ta amsa da godiya mai yawa da hotonsa cikin kayan soja, amma ba ta ce kome a kan geron ba. Ina jin Turancina ne bai fita ba. Na kai wa Liman takardar, ya ce godiya ba yafewa ba ce, ajiya tana nan har mai ita ko magajinsa ya karɓa ko ya ce ya bari.

Saboda haka, Sani, tunda kai ke shiga yanzu, ka ji da kyau, ku ma sauran ku zama shaida. Huɗun nan da ke can sama ba namu ba ne, kada a sa su cikin rabon gado. A shuka su da ruwan farko, a mayar da sababbi da kaka, kuma a fara zaɓen nasa kafin namu. Zakkarsu ina fitarwa daga nawa, don ban tabbata a kan wa take ba, ku ci gaba da haka. In wani ya zo daga wannan gidan, ko jikan jika ne, ko ba ya jin Hausa, ku ba shi ruwa ya sha, ku sauke masa huɗu, na bana ba na bara ba. In ya ce bai san abin da zai yi da su ba, ku kai shi gona ku nuna masa.